Ɗanasabe Maƙeri da Igiyar da Aka Tufka Don Ta Tsinke

Kowace safiya a Jega, da an idar da sallar asuba, mahauta su nufi mayanka, masu albasa su nufi rumfunansu, shi kuwa Ɗanasabe maƙeri ba ya hura wuta sai ya fara biyawa ta tashar mota. Za ka gan shi ya ɓullo ta bayan 'yan gishiri, buzun akuya a kafaɗa, damin igiya a hannu, ƙaramar masaba soke a ɗamara. Ba ya tsayawa doguwar gaisuwa. Ya shimfiɗa buzun nan a ƙasa tsakanin mota da tirelar da take ja, ya kwanta rigingine, ya shige. Daga nan ba abin da za ka gani sai ƙafafu biyu masu faso, ba abin da za ka ji sai ƙwas, ƙwas, yana ƙwanƙwasa ƙarfe yana saurare. Direba ko gaggawa za ta kashe shi, dole ya jira ƙafafun nan su janye.

Abu uku yake dubawa. Na farko ƙusa, wato sandar ƙarfen da ake zurawa ta haɗa wuyan tirela da gindin mota. Na biyu sarƙoƙi biyu da ya ƙera da hannunsa, yana bin su zobe bayan zobe da yatsa. Na uku wata 'yar igiyar rama da ba ta fi kaurin ƙaramin yatsa ba, wadda ta taso daga hannun birkin tirela ta zo ta kama mota. In ukun nan sun yi masa, ya fito ya kaɗe buzu, ya mari jikin mota sau ɗaya da tafin hannu, a tafi. In ba su yi masa ba, motar nan ba ta barin Jega, ko ta wace ce. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana haka, rani da damina. Ba En'e ta naɗa shi ba, ba kamfanin Turawa masu sayen gyaɗa da fata ba.

Bana ya ce ya gama. Wutar maƙera ta ci idon, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa. Shi ya sa ya kamata a faɗi ko shi wane ne tun yana da kunnen jin abin da ake faɗa. Da yawa sun ɗauka tsohon nan shisshigi ne ke damunsa. Ba haka ba ne. Rantsuwa ce a wuyansa, kuma duk motar da ta fita daga tashar nan tana jan tirela, sana'arsa da zamansa a garin ubansa ne take ja a bayanta.

Abin ya faro ne shekarar da fara ta cinye gero. Lokacin ba a daɗe da share hanyar mota daga Jega zuwa Maiyama ba, wadda aka tara talakawa suka yi da fartanya da kwando. Ba gada a gulbi. Da rani mota takan ratsa ta mashigi, ta cikin ruwa, sannan ta kama wani hawa mai tsayi a ƙetare kafin ta miƙe kudu. Wata mota ta kamfani ta kwana Jega, ƙusarta ta ɓace, aka ce a kai wa Ɗanasabe, don duk layin maƙera ba wanda ya kai shi iya fidda ƙarfe santal. Ya duba ramin, ya auna da kara, ya ƙera ƙusa mai kyau kamar a lasa. Da ya gama, tana ja wur, sai ya tsoma ta cikin ruwa, yadda ubansa ya koya masa a yi wa gatari da lauje don su yi ƙarfi. Ta kuwa yi ƙarfi. Abin da bai sani ba, kuma ba maƙerin da ya sani a lokacin, shi ne ƙarfen da ya sha ruwa haka ba ya lanƙwasa, karyewa yake kamar ƙashi. Gatari sara yake yi, ita kuwa ƙusa fizga take sha.

A tsakiyar hawan nan ta karye. Tirela cike da gyaɗa ta dawo da baya ba mai riƙe ta, ta sami wani manomi daga Gumbin Kure mai suna Buba yana fitowa daga ruwa da jakinsa. Bai kai azahar ba.

Kashegari Yari, Sarkin Maƙeran Jega, ya tara maƙera a rumfarsa. Dattawa suka ce dama sun faɗa, ƙarfen Nasara ba na maƙerin garma ba ne, ga shi an jawo musu zagi a kasuwa, har mata na cewa maƙera sun koma kashe mutane. Wasu suka ce a hana shi taɓa mota har abada, wasu suka ce a tashe shi daga layin gaba ɗaya. Ɗanasabe na zaune a ƙasa har kowa ya gama. Sannan ya matsa ya dafa uwar maƙerar Yari da hannun dama, abin da maƙeri ba ya yi da wasa.

Ya ce, "Sarki, ƙusa tawa ta, ban musu ba. In kun hana ni, wani za shi ƙera wata, ita ma ta karye. Ku bar ni in gyara abin da niɓ ɓata. Daga yau duk tirelad da nid dafa tab bar Jega, in tak kashe mutum, ni da kaina ni ka kawo maka masabata, in kwashe iyalina in bar garin ga. Ba sai an kore ni ba."

Yari ya tambayi maƙera ko sun ji, suka ce sun ji. Shi ke nan aka tashi. Mai hankali a ranar zai ce mutumin nan ya yanka wa kansa tikitin barin gari, don motoci ƙaruwa suke, hanya kuwa ba ta gyaru ba.

Ƙusa ya fara gyarawa. Ya daina ba ta ruwa, ya koma binne ta cikin toka ta huce a hankali. Amma bai yarda da ita ba kuma, ko tasa ko ta Bature. Ya ce abin da ya karye sau ɗaya yana iya karyewa sau biyu, dole a sami wani abu a bayansa. Sai ya ƙera sarƙa. Ya roƙi wani direba aka cika tirela da yashi, ba kowa a kai, aka hau hawan mashigi, aka zare ƙusa da gangan. Sarƙa ta riƙe, amma wuyan tirela ya faɗi ya soki ƙasa kamar garma, saura kaɗan ta kife. Ya koma gida ya yi kwana uku yana zane a ƙasa da tsinke. Ran na huɗu ya fito da sarƙa biyu, ya gitta su ƙarƙashin wuyan, ta hagu ta kama dama, ta dama ta kama hagu. Aka sake zare ƙusa. Wuyan ya faɗa tsakiyarsu ya zauna daram kamar ƙwarya cikin ragaya, bai taɓa ƙasa ba.

Ya dawo gida yana fara'a, yana ba matarsa Delu labari tana tankaɗe. Ba ta ɗago kai ba ta tambaye shi, to in sarƙar ita ma ta tsinke fa? Ya ce sarƙarsa ba ta tsinkewa. Ta ce haka ya ce game da ƙusa. Ranar bai ci tuwon kirki ba.

Amsar a wurin Buzaye ya same ta. Kowa ya san wasan da ke tsakanin maƙeri da Buzu, in sun haɗu sai an raba. Wani ayari ya sauka da gishiri a bakin kasuwa, Ɗanasabe ya je tsokana. Ya ga raƙuma jere, kowane an ɗaura akalarsa a sirdin na gabansa da wata 'yar siririyar igiya. Ya ce wa madugunsu dama ya san Buzu ba shi da wayo, amma bai san rowa ta kai ya ɗaure dukiya haka da zaren ɗinki ba, ya zo maƙera a yi masa sarƙa sadaka. Buzun ya yi dariya cikin rawaninsa, ya kira shi bawansa, ya ce shi ya sa maƙeri ba ya zuwa ko'ina sai gindin wuta. Ya ce in raƙumi ya faɗa rami da igiya mai ƙarfi, ko ya ja na gaba su tafi tare, ko ya yage hanci. Wannan kuwa za ta fizgi na gaba ya ji, sannan ta tsinke, a tsaya. Waɗanda ke wurin sun ce ranar ce kaɗai suka ga Buzu ya yi magana maƙeri ya juya ya tafi shiru.

Abin da ya faɗo masa shi ne hannun birki. Kowace tirela tana da wani ƙarfe mai haƙora a gefen wuyanta, wanda ake ja in an ajiye ta don kada ta gangara. In an ja shi, birki ya danne ƙafafu, haƙoran su riƙe, ba ya komawa sai an saki da hannu. Ɗanasabe ya ce to, me zai hana mota ta ja shi da kanta a daidai lokacin da take rabuwa da tirela? A ɗaura igiya daga hannun nan zuwa jikin mota. In ƙusa ta tafi, sarƙa ta tafi, igiya ta miƙe ta fizge birki, sannan ta tsinke ta bar tirela tsaye.

Faɗa da baki ya fi yi sauƙi. Delu ce ke tufka igiyar, da ramar da take jiƙawa a bayan gida. Ta farko ta yi kauri, ta ƙi tsinkewa, ta lanƙwasa hannun birkin. Ta biyu ta yi gajarta. Mota ta zo karya kwana a bakin kasuwa, ranar kasuwa kuwa, igiya ta miƙe ta danne birki ba gaira ba dalili, mota na kuka tana jan tirela a ƙasa, taya na hayaƙi, jakuna na watsewa. Jega ta yi dariya har ta gaji. Daga ranar aka sa masa suna telan mota, wai yana ɗinke tirela da zare. Ya ci gaba da aunawa har ya tsaya a kan abin da ake yi yau: igiya mai tufka uku, ta fi sarƙa tsawo da taƙi ɗaya, kada ta ja ƙasa, kada ta naɗe komai.

Amma babban yaƙinsa ba da ƙarfe ya yi ba, da mu ya yi. Mu mutanen ƙasar nan da jaki da doki muka tashi. Mun saba turke ɗaya ne, a kansa ake ɗaure akala, a kansa ake ɗaure dabaibayi, in akwai ɗan jaki shi ma a nan. Direba ko ɗan lodi in ya sunkuya ya ga kan ƙusa ya fito tsaye kamar turke, hannunsa da kansa yake kai wa can. Ya tattara ƙugiyoyin sarƙa ya rataya a kanta, ya kawo igiya ya naɗe a kanta, ya ƙulle tsaf, ya miƙe yana jin ya yi aikin kirki. To ran da ƙusar ta tafi, da me ta tafi? Da duka. Sai ka ce ba a sa komai ba. Ɗanasabe ya bi motocin da ke zuwa Jega ɗaya bayan ɗaya ya kafa musu zobba a ƙarfen gindi, biyu na sarƙa, ɗaya can gefe na igiya ita kaɗai. Duk da haka kullum sai ya tarar an mayar kan ƙusa. Kullum sai ya kwance ya gyara. Abin da ke kai shi ƙarƙashin mota da asuba ke nan.

Hamma mahauci na Aliero yana nan da rai, a tambaye shi. Ya ce wata rana da hantsi yana fiɗa, sai ga Ɗanasabe a ƙasa, ba jaki, gumi ya jiƙa taguwa, yana tambayar ina motar da ta zo ɗaukar albasa. Ashe direban ya sulale daga Jega lokacin da tsohon ke ƙarƙashin wata motar. Ya bi ta da ƙafa tun daga Jega. Da aka kai shi, ya sunkuya, babu igiya. Aka nema aka nema, sai ga ta a wuyan wani rago da direban ya saya, an ɗaure shi da ita a jikin taya. Hamma ya ce tsohon bai yi zagi ba. Ya kwance ragon ya miƙa wa direba akalar a hannu, wato kunnen ragon, ya mayar da igiya inda take, ya sha ruwa, ya juya.

Kai ne wanda ya yi wannan tafiya saboda igiyar da ba ta kai a ɗaure akuya ba, Ɗanasabe. Kai ne aka yi wa dariya a kasuwa ka dawo kashegari da wata igiyar. Na Delu, mai kwana da ƙarfe a rai.

Ranar da kowa ya gane kuwa ta zo ne ranin bara, kashegarin kasuwa. Akwai wani direba Kalilu, mutumin Aliero, ya koyo tuƙi a kudu, ya iya mota ba ƙarya, amma bakinsa ya fi motarsa gudu. Ya cika tirela da gishiri, ya ɗora mutum goma sha shida a kai, 'yan Mungadi da Giwa Tazo masu komawa gida. Ɗanasabe ya shige ƙarƙashi ya tarar da abin da ya saba tararwa, sarƙa da igiya duk a kan ƙusa. Ya fara kwancewa. Kalilu ya tsaya a kansa yana wasa da makulli, yana ɗaga murya don fasinja su ji.

"Baba tela, rana tana yi. Wanga zare naka ko kaza ba shi riƙewa. In tsoro kaka ji, ga kirin fata nan sabo, in riɓa shi biyu in ɗaura, kowa shi huta."

Daga ƙarƙashin mota muryar ta fito. "Ba don shi riƙe nis sa shi ba. Ɗaga ƙahwakka, ka taka min buzu."

Fasinja suka yi dariya, ba a san wa suke wa ba. Da ya fito ya dubi yadda tirela ta zauna a kan ƙafafunta, ya ce kaya sun yi yawa, a rage. Kalilu ya sa aka sauke buhuna kaɗan yana gunaguni. Ɗanasabe ya mari mota, ya nufi maƙera. Abin da bai gani ba, wanda 'yan lodi suka faɗa daga baya, shi ne yana ba da baya aka mayar da buhunan, aka ƙara da wasu.

Yana tsakiyar ƙera lauje, rana ta ɗan ɗaga, sai wani mai jaki ya shigo layin maƙera yana faɗa wa kowa cewa tirelar Kalilu ta tsinke a hawan mashigi, da mutane a kai. An tambaye shi ko an mutu, ya ce shi daga wannan gaɓar ya hango, ya ga ta taho da baya, ya ji ihun mata, bai tsaya ba.

Ɗanasabe ya ajiye awartaki. Bai yi gudu ba. Ya yayyafa wa wutar ruwa har ta mutu, abin da maƙeri ba ya yi da hantsi. Ya ɗauki babbar masabarsa, wadda ya gada, ya naɗe ta a tsumma. Ya shiga gida ya ce wa Delu ta fara haɗa tukwane. Ta tambayi abin da ya faru, ya faɗa mata. Ta ce ba tukunyar da za ta taɓa sai ta ji da kunnenta, don ita ta tufka igiyar nan da hannunta ranar Talata, ta san abin da ta tufka.

Daga nan rumfar Yari ya nufa. Yari ya tsufa ƙwarai a lokacin, yana zaune bisa tabarma, labari ya riga ya iso shi. Ɗanasabe ya durƙusa ya ajiye masabar a gabansa. Yari ya dube ta, bai taɓa ba. Ya ce shi ba a kan maganar mai jaki ya karɓi rantsuwa ba, ba kuma a kanta zai karɓi masaba ba, ya ɗauki abinsa su je su gani. Aka kama wa Yari hannu ya miƙe. Suka kama hanyar gulbi, maƙera na bin su a baya.

Tafiyar ba ta da nisa, amma Ɗanasabe ya ce bai taɓa yin mai tsawonta ba. Abin da ke ransa ba inda za shi ba ne in ya bar Jega, ko da yake ya san maƙeri mai shekara sittin ba ya kafa sabuwar wuta a garin wasu. Fuskokin da ya gani a kan gishirin nan da safe ne ke dawo masa, yana ƙoƙarin tuna su nawa ne mata. Da suka iso bakin ruwa ya kasa ɗaga kai. Ya tsaya yana saurare, don ya san irin kukan da ake yi in an rasa rai, ya taɓa jin sa a daidai wurin nan. Bai ji shi ba. Abin da ya ji muryar wata tsohuwa ce daga ƙetare tana surfa wa wani faɗa ba ko numfashi.

Sai ya ɗaga kai. Mashigi cike yake, mata na wanki, shanun Fulani na shan ruwa, masu jakuna na ratsawa. Sama da su, a tsakiyar gangare, ga tirela tsaye, ta ɗan karkace, gishirinta a kanta. Tayoyinta sun ja layi biyu a ƙasa inda suka turje. Tsakaninta da matan da ke wanki bai fi kamu goma sha biyu ba. Motar kuwa tana can sama ita kaɗai.

Ya tattare wando ya ratsa ruwa, masaba a hammata. Fasinjan na zaune a ƙasa gefen hanya. Ya bi su ɗaya ɗaya yana dafa kafaɗa, yana tambaya ko akwai wanda ba a gani ba. Goma sha shida, ba wanda ya ragu. Wani ya ciji harshe, wata tulun man gyaɗarta ya fashe. Mai faɗan nan kuwa Iyatu ce, mai daddawa daga Mungadi, ita ta ba da labari ba a tambaye ta ba. Ta ce mota ta kai tsakiyar hawa tana nishi, Kalilu ya sake giya, aka ji fizga, wani abu ya ce ƙas. Tirela ta ja baya kaɗan ta tsaya, sarƙa ta riƙe ta. Maimakon ya tsaya a sauka, sai ya sake ba ta wuta da ƙarfi don ya kai sama. Sarƙa ɗaya ta buɗe, ɗayar ta bi ta. Suka ga mota na tafiya su suna komawa gulbi, kowa ya kama kalmar shahada. Ba su kai ƙarshenta ba suka ji ƙaras, aka watsa su a kan juna, abin ya turje ya tsaya cik.

Kalilu ya sauko daga sama, hula a hannu, ɗaya hannun riƙe da guntun igiyar da ya rage a zoben mota. Ya zo gaban Ɗanasabe ya tsuguna, duk bakin nan ya mutu. Ya miƙa guntun.

"Baba, igiyakka ta tsinke."

"Sai da tag gama aikinta," in ji Ɗanasabe.

Wani zai tsaya a nan a yi ta sa masa albarka. Shi kuwa sai ya sa aka kafa duwatsu bayan tayoyi, ya shimfiɗa tsumman masabar a ƙasa, ya shige ƙarƙashin tirela. Ya daɗe. Ya fito da zoben sarƙar da ya buɗe, ya juya shi a hannu, ya nuna wa Yari, ya ce haɗin bakin ya yi sirara, laifinsa ne, da ya ƙara masa wuta. Yari ya karɓa ya duba, ya dubi tulin gishirin, ya ce a gaban kowa kayan mota biyu aka ɗora wa tirela ɗaya, sarƙar da za ta riƙe wannan sai dai a ɗaure jirgin ruwa da ita. Sannan ya juya ga maƙeran da suka biyo su, waɗansunsu suna cikin masu cewa a kore shi shekara goma da suka wuce, ya tambaye su ko akwai gawa a wurin nan. Suka ce babu.

Ya ce, "To koma ka hura wutakka, Ɗanasabe. Lauje na jiranka."

A nan ne Ɗanasabe ya zauna dirshan cikin yashi ya ce a ba shi ruwa. Iyatu ta ɗebo masa da ƙwaryarta, tana cewa ya sha a hankali, ba mai fizgarsa.

Tun daga ranar ba a sake kiransa tela ba sai da girmamawa. Kalilu kuwa ya zama ya fi kowa tsanani, an gan shi a Maiyama ya tare motar da ba tasa ba yana kwance sarƙa daga kan ƙusa, mai motar na zaginsa yana ci gaba. Shekarar nan da ta wuce Ɗanasabe bai ɓata ta ba. Duk direban da ya zo, sai ya sa shi ya kwanta a ƙasa kusa da shi, ya kama hannunsa ya ɗora a kan zobe, ya gitta sarƙa da kansa, ya auna taƙin igiya da kansa, har hannun ya saba. Delu ta koya wa matan layin maƙera tufka uku. Ranar da ya ce ya gama, bayan an shigar da gero, ya je rumfar Yari ya gaishe shi, ya koma gida da masabarsa ya rataye ta a ɗakinsa, cikin garin ubansa. Shi ya ajiye ta don kansa. Rantsuwa ba ta karɓe ta ba.

Ɗanasabe, mun gode. Kai ne ka yi kuskure sau ɗaya ka ƙi ɓoye shi, ka ƙi gudu, ka tsaya a inda ka yi shi shekara goma sha ɗaya kana biya da bayanka da gwiwarka. Akwai mutane a Mungadi da Giwa Tazo da ke noma yau, suna aurar da 'ya'ya, ba su ma san sunanka daidai ba. Allah ya san shi. Allah ya saka maka, ya saka wa Delu, ya ba idon nan sauƙi, ya jiƙan Buba na Gumbin Kure.

Ku kuma direbobi da 'yan lodi, yanzu ba mai kwanciya ƙarƙashin motarku in ba ku ba. Ƙusa ba turke ba ce. Ku gitta sarƙa, ku ba igiya zobenta ita kaɗai, kada ku musanya ta da kiri don kuna ganin kun fi tsohon wayo, kada ku ɗaure rago da ita. Maƙeran da ke tasowa, ƙusa a toka take hucewa. Fasinja, kafin ka haye kan kaya ka leƙa ƙasa, ba kunya ba ce, ranka ne.

Wanda kuma ya shigo Jega, ya tambayi layin maƙera, gida na uku bayan rijiya. Zai same shi zaune a ƙofar gida bisa tabarma, yana jin motoci na wucewa yana gane kowace da kukanta. Ka kai masa goro, ka gaishe shi tun yana nan. Kada ka sa ran zai saurari yabo. Zai katse ka ya tambaye ka wace mota ta kawo ka, wa ya ɗaura tirelarta, kuma ko ka duba. Ka tanadi amsa kafin ka yi sallama.